Yadda Ake Gano Matsalar Sarƙa, Feda da Firiwil a Keke

Ƙarfin ƙafarka ba ya isa tayar baya sai ya bi ta wurare shida: feda, hannun feda, aksul na tsakiya da ke haɗa hannayen feda biyu, farantin gaba mai haƙora, sarƙa, sannan firiwil, wato faifai mai haƙora da ke jikin wilin baya. In keke mai giya ne, a ƙara da na'urar da ke ɗauke sarƙa daga wannan faifai zuwa wancan. Ko wanne ya samu matsala a cikinsu, ƙarar da kunne zai ji kusan iri ɗaya ce, ga shi kuma ƙarfen keke yana ɗaukar ƙara ya kai ta wani wuri. Za ka rantse daga baya take fitowa, alhali a feda take. A nan kuɗin mutane ke zurarewa: a sayi sabuwar sarƙa, ashe kotafin, ƙusar da ke riƙe hannun feda a jikin aksul, ne ya saki, a canja feda, ashe boris ne ya fashe. Na daɗe ina wannan aiki, kuma abin da nake fara gaya wa duk yaron da aka kawo koyo shi ne kada ya ɗauki sifana sai ya nuna wurin da yatsa, ya faɗi dalili.

Kayan da za ka tanada

Sifana mai lamba 15, ita ce ta feda da notin wilin baya a yawancin kekuna, da ƙananan sifanu masu lamba 8 zuwa 11. Filaya, sukudireba, guduma ƙarama. Rula ta ƙarfe ko ta roba mai inci 12, irin ta 'yan makaranta ma ta wadatar. Tef ɗin tela kam a'a, yana miƙewa. Alli, tsumma mai yawa, tsohon buroshin haƙori, kananzir a gwangwani, man inji sabo kaɗan, da giris. Guntun bututun ƙarfe wanda tsayinsa ya kai daga ƙasa zuwa hannun feda. In kekenka na gwanjo ne mai giya, kana buƙatar alanki mai lamba 4, 5, 6 da 8.

Sai abin da zai ɗaga tayar baya. Keke irin su Raleigh, Phoenix da Hero yana da babban jak, ka kafe shi kawai. Wanda ba shi da shi, ka rataye sirdinsa da igiya a reshe ko a ƙarfen rumfa. Kifa keke ya kwanta a kan sirdi da kai ma yana yi, amma ka shimfiɗa buhu, kuma ka kula da madannin giya kada ya karye.

1. Hau keken, ka saurara, ka ƙidaya

Wannan matakin ya fi sauran duka, kuma shi aka fi tsallakewa. Nemi hanya mai santsi inda ba hayaniya. Taka a hankali, ka ƙidaya sau nawa ƙarar ke zuwa in an gwada ta da zagayen ƙafarka.

In ƙarar tana zuwa sau ɗaya a kowane zagayen feda, kuma a daidai wuri ɗaya, misali duk lokacin da ƙafar dama ta danna ƙasa, to laifin yana gaba: feda, hannun feda, kotafin, aksul na tsakiya ko faranti.

In tana zuwa da sauri fiye da ƙafarka, kamar sau biyu da ɗoriya a kowane zagaye, ka koma wilin baya. Dalili shi ne farantin gaba yakan zo da haƙora 44 ko 46, firiwil kuma 18 ko 20, don haka wili yana juyawa fiye da sau biyu kafin feda ta zaga sau ɗaya.

In kuma ƙarar tana jinkiri, sai ka taka sau biyu ko uku kafin ta dawo, kuma ba ta da ƙafar da take bi, yanzu a dama an jima a hagu, sarƙa ce. Sarƙar keke tana da gaɓoɓi ɗari da 'yan kai, gaɓar da ta lalace sai ta zaga duka kafin ta sake hawa haƙori.

Yanzu daina takawa ka bar keken ya gangara. Ƙarar da ta ci gaba ba ruwan sarƙa da feda a ciki, ka duba wili, birki ko madigadi. Sannan ka tashi tsaye a kan feda ka taka. In ta ɗauke ɗif, sirdi ne ko sandarsa, ka ɗaure ka huta. Daga ƙarshe ka nemi ɗan hawa ka danna da ƙarfi, domin akwai matsalar da ba ta nuna kanta sai an sa mata nauyi. Amma ka yi wannan a zaune, hannunka a birki. Sarƙar da ta zame wa mutum yana tsaye a kan feda tana iya kayar da shi.

2. Wanke kafin bincike

Kafe keken. In mai murfin sarƙa ne, buɗe faifan gaba da guntun baya, ko ka cire shi gaba ɗaya. Murfin kansa yakan lotsa ya riƙa gugar sarƙa ko hannun feda, za ka ga layi mai ƙyalli inda fenti ya goge. Tsoma buroshi a kananzir ka cuɗa sarƙa da haƙora, ka goge da tsumma har ƙarfe ya fito. Ba za ka ga tsagewa ko haƙorin da ya lanƙwashe ba a ƙarƙashin baƙin datti. Kada ka wanke da fetur, kada kuma ka bari kananzir ya gangara cikin gidan boris, zai narkar da giris.

3. Feda da hannun feda

Kama feda ka girgiza ta sama da ƙasa. Juya ta da yatsa. In tana lilo a kan ƙarfenta ko tana ƙaraf-ƙaraf, boris ɗin cikinta ya ci. Gwada ɗaurinta da sifana 15, amma ka riƙe wannan: fedar dama ana ɗaure ta zuwa dama yadda aka saba, fedar hagu kuwa zuwa hagu ake ɗaure ta. Akan buga L da R a gindinsu. Wanda ya tilasta fedar hagu a ramin dama ya kashe hannun feda ke nan.

Sai hannun feda. Tsaya a gefe, ka daidaita hannayen biyu a kwance, ka danna feda biyun ƙasa a tare. Juya rabin zagaye ka sake dannawa. In ka ji ɗaya ya ɗan faɗa kafin ya tsaya, kotafin ya saki. A kan hanya wannan yana zuwa kamar ƙafa ta zarce kaɗan a saman zagaye, sai ka ji ƙwas.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ɗaure notin kotafin da ƙarfi don ya ja shi. Wannan ɗan noti ba aikinsa ke nan ba, zaren zai tsinke. Guduma ke zaunar da kotafin, noti riƙe shi kawai yake yi. Sa bututun nan a ƙarƙashin hannun feda, bakinsa ya kewaye ɓangaren notin, gindinsa a kan siminti ko dutse, don dukan ya sauka ƙasa kada ya sauka a kan boris. Buga kan kotafin, ɗaure noti, sake bugawa, sake ɗaurewa. In ya ƙi zama, fitar da shi ka duba fuskarsa mai faɗi. In ta yi rami, ya gama aiki, kuma ba shi da tsada. Tafi da tsohon kasuwa, domin akwai mai kaurin milimita 9 da mai 9.5. Wajen mayarwa, idan hannayen suna kwance, notin ɗaya ya kalli sama, na ɗayan ya kalli ƙasa. In suka kalli gefe ɗaya hannayen ba za su miƙe a layi ɗaya ba, takun zai yi ɗingishi.

Yawancin kekunan gwanjo ba su da kotafin, noti ko ƙusar alanki 8 ce a tsakiya. In hannun ya saki ka ɗaure nan take. Hannun alminiyam da aka taka yana lilo raminsa yana buɗewa, daga nan ko ka ɗaure sau goma zai sake saki.

4. Aksul na tsakiya

Kama hannun feda ɗaya, ba fedar ba, ka tura shi wajen jikin keke ka janyo. Kalli ɗaya hannun. In su biyun suna motsi tare, gidan boris na tsakiya ya yi sako-sako. In ɗaya ne kawai, koma mataki na 3.

Sauke sarƙa daga faranti ka juya hannun a sake, ɗayan hannunka a kan jikin keke. Lafiyayye yana juyawa sumul. In ka ji gurza-gurza tana ratsowa ta ƙarfen, ko yana kamawa yana saki, akwai yashi, ko boris ya fashe, ko kofin da boris ke zaune a ciki ya yi rami. Ana gyara ɗaurin daga gefen hagu: sassauta zoben kulle, juya kofin kaɗan, mayar da zoben, sake gwadawa. Abin nema shi ne ba lilo, ba kuma tauri. In ba ka da sifanar zoben, tsohuwar sukudireba da guduma za su juya shi, a hankali. In ka rasa tsakiyar nan, wato ko dai lilo ko dai tauri, buɗe kawai. Za ka samu boris mai girman rubu'in inci, 11 a kowane gefe in a sake suke. Canja su duka lokaci ɗaya, kada ka haɗa sabo da tsoho, ka cika da giris. Kofin dama ka bar shi a wurinsa in ba lalacewa ya yi ba. A yawancin kekunan da ke hannunmu zarensa na hagu ne.

5. Auna sarƙa

Mutane na cewa sarƙa ta miƙe. Ƙarfen bai miƙe ba, ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓin ne suka cinye, kowace ta ba da ɗan sarari, in aka tara sai tsayi ya ƙaru. Sabuwar sarƙa tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne cif, kuma a kan wannan awon aka yanka haƙoran faranti da na firiwil. Da zarar tazarar ta ƙaru, sarƙa ba ta zama a gindin haƙori, sai ta hau samansa ta riƙa cin sa.

Danna feda kaɗan don sarƙar sama ta miƙe. Ɗora sifirin rula a tsakiyar ƙusa ɗaya, ka kalli alamar inci 12. A sabuwa, wata ƙusar za ta faɗo daidai kan alamar. In ta wuce da kamar milimita ɗaya da rabi, lokacin sayen sarƙa ya yi, kuma firiwil zai iya tsira. In ta wuce da milimita 3, ka sa a ranka har firiwil za ka saya. In rularka santimita kawai gare ta, ƙidaya ƙusa 20 gaba da wadda ka fara: sabuwa 25.4 ce, in ta haura 25.5 ta fara tafiya. In ba rular ma, kama sarƙa a goshin farantin gaba ka janyo ta waje. In ta ɗago har ka hango haske a ƙarƙashinta, kusan haƙori guda ya bayyana, ta ƙare.

Abin da ba na so ko kaɗan shi ne a cire gaɓa ɗaya a ce an gyara. Sarƙar ta gajarta, ta daina faɗuwa na ɗan lokaci, amma tazarar ƙusoshin tana nan yadda take, tana ci gaba da cin haƙora. Mai keken da ke ɗaukar jarkokin ruwa ko buhun hatsi, wannan dabara ita za ta sa ya sayi sarƙa da firiwil da faranti a rana ɗaya.

Sai neman gaɓa mai tauri. Juya feda baya a hankali, idonka a kan firiwil, ko a kan ƙananan tayoyin na'urar giya. Gaɓar da ta ƙage za ta zo a tanƙware, ta yi ɗan tsalle. Sa mata alamar alli. Ɗiga mai, ka kama sarƙar a gefenta biyu ka lanƙwasa ta hagu da dama, ba sama da ƙasa ba, har ta saki. Bi sauran gaɓoɓin da ido: ƙusar da ta leƙo gefe ɗaya, ko ɓallin da ya tsage, yana gab da tsinkewa. Duba mahaɗin sarƙa ma. Ɗan makullinsa rufaffen kansa ne zai kalli inda sarƙa ke tafiya, in aka juya shi zai iya karo da wani abu ya fice.

Wajen saye, sarƙar keke mara giya ta fi faɗi, ɗaya bisa takwas na inci ce. Ba za ta shiga tsakanin faifan keke mai giya ba.

6. Haƙora

Lafiyayyen haƙori gefensa biyu kusan daidai suke. Wanda ya ci yana sirancewa, ya yi tsini, ko ya kwanta gefe ɗaya ya zama ƙugiya. A keke mai giya faifai ɗaya ko biyu da mai keken ya fi zama a kai su ke fara mutuwa, don haka in sarƙa tana zamewa a giya ɗaya tak idan an danna da ƙarfi, musamman bayan an sa sabuwar sarƙa, wannan faifan ne. Sai dai ka sani, a faranti da faifan kamfanin Shimano da makamantansu akwai haƙoran da aka yi su gajeru ko a karkace da gangan don sauƙin canjin giya. Kada ka ɗauka karyewa suka yi.

Juya faranti kana kallonsa daga sama, ka riƙe alli kusa da gefensa. Inda allin ya taɓa, nan ya karkace. Farantin ƙarfe ana iya miƙar da shi da sifana mai daidaitawa, kaɗan-kaɗan.

7. Firiwil da wilin baya

A cikin firiwil akwai ƙananan harsuna da sifirin ke turawa. Su ne ke yin tik-tik-tik in kana gangara, su ne kuma ke kamawa in ka taka. Alamu biyu ne. Ko ka taka feda ta zarce fayau wili bai motsa ba, harsunan sun maƙale a kwance. Ko kuma kana tura keken da hannu feda tana juyawa da kanta, datti ya cushe ciki.

Kafin ka sayi sabo, kwantar da keken a gefen hagu, firiwil yana kallon sama. Juya shi baya za ka ga siririn layi tsakanin ɓangaren da ke juyawa da wanda ke tsaye. Ɗiga kananzir a nan kana juyawa har baƙin ruwa ya fito, ƙarar tik-tik ta dawo da ƙarfi. Bar shi ya tsane, ka bi da mai mara kauri. Giris ba ya shiga nan, shi ke manne harsunan. In bayan haka yana zarcewa, sifirin ya karye ko harshen ya cinye, canja shi. Ban ba sabon hannu shawarar buɗe firiwil ba, boris ɗin ciki ƙanana ne ƙwarai kuma da yawa.

Kama tayar baya ka girgiza ta hagu da dama. In tana lilo, boris ɗin wili ya saki. In ka ɗaure ya sake saki, cire wilin ka juya aksul da yatsa: in bakinsa yana rawa, ya lanƙwashe ko ya karye a ciki. Wannan ya zama ruwan dare a kekunan gwanjo masu faifai shida ko bakwai da ake ɗora wa kaya ko goyo.

8. In sarƙa tana yawan faɗuwa a keke mara giya

Danna sarƙa a tsakiya, tsakanin faranti da firiwil. Ta motsa sama da ƙasa kamar rabin inci. Amma kada ka auna a wuri ɗaya. Faranti ba ya cika zama da'ira cif, don haka juya feda a hankali ka nemo inda sarƙar ta fi ɗaurewa, a nan za ka daidaita. Wanda ya ɗaure a wurin da ta fi sakewa zai ji keken yana nauyi yana gurnani, boris kuma yana shan wahala. Sassauta notin wili biyu, ja wilin baya da ajasta, wato ƙananan sukurorin da ke jan aksul ɗin wili ta gefe biyu, juyi ɗaya a dama juyi ɗaya a hagu, kana duba taya ta zauna a tsakiyar ƙarafan baya. In ba ajasta, cusa guntun katako tsakanin taya da jikin keke ya riƙe maka. Bayan nan tsuguna a bayan keken ka hango sarƙar: ta tafi a miƙe daga firiwil zuwa faranti. Kuma tunda wili ya matsa, sake duba birkin baya.

9. Keke mai giya

A nan tsari yana da muhimmanci, domin mutane da sukurori biyu masu alamar H da L da ke jikin na'urar giya suke farawa, alhali su ne na ƙarshe. Fara da tsugunawa a baya. Ƙananan tayoyin nan biyu na na'urar giya su kasance ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, a miƙe da faifan da sarƙa ke kai. In sun karkata ciki wajen wili, ɗan ƙarfen da na'urar ke rataye a jikinsa ya lanƙwashe, galibi saboda keken ya faɗi ta dama. Ba sukurun da zai gyara wannan. Alamarsa ita ce giya ta zauna daidai a wasu faifai ta ƙi a wasu. Na ƙarfe ana miƙar da shi, na alminiyam yakan karye, gara a canja.

Sai waya. In ta yi tsatsa ko ta fara warwarewa, ko bututunta ya tsage, giya za ta riƙa jinkirin saukowa ƙananan faifai. In wayar lafiya take, je wurin ɗan maɗaurin da ake juyawa da yatsa inda waya ta shiga na'urar. Sarƙa tana ƙin hawa babban faifai, juya shi waje, wato hagu, rabin juyi. Tana ƙin saukowa, juya shi ciki. Rabi-rabi, kana gwadawa.

Sukuru mai H yana hana sarƙa faɗawa waje bayan ƙaramin faifai, mai L yana hana ta faɗawa cikin wayoyin wili bayan babban faifai. Iyaka kawai suke sawa. Na L shi ne mai haɗari: tura na'urar ciki da babban yatsa kana juya feda, in sarƙa ta haye babban faifai ta nufi wili, ɗaure shi kafin kowa ya hau keken. In kuma ƙarar tana zuwa ne kawai idan sarƙa tana babban faranti da babban faifai tare, ko ƙarami da ƙarami, ba abin da ya lalace, sarƙar ce ta gicciye. Canja giya.

10. Mai, sannan gwaji

Ɗiga mai ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa ta cikin sarƙa, juya feda baya na ɗan lokaci, sannan ka goge wajen da tsumma har ya kusa bushewa. A cikin ƙusoshi ake son man, na waje ƙura kawai yake kira. Baƙin man da aka juye daga inji kada ya taɓa sarƙarka, da garin ƙarfe a cikinsa. In ya haɗu da ƙurar hunturu aikin dutsen wasa wuƙa yake yi wa ƙusoshin. Da rani mai kaɗan, gogewa da yawa. Da damina kuwa duk ranar da ruwa ya doke ka, goge ka sake ɗigawa kafin tsatsa ta kama.

Koma hanyar da ka yi gwajin farko, ka taka yadda ka taka, har da ɗan hawan. In ka taɓa abu biyu ko uku a tare ba za ka san wanda ya yi maganin ba, don haka gyara ɗaya, gwaji ɗaya. Kotafin da ka buga kuma ka sake bi ta kansa da guduma da sifana bayan tafiyar kwana biyu, domin sabo yakan ƙara zama.